Adaftar Fatihu da Hoton Inna Yelwa

Alhaji Fatihu Nababa, mataimakin darakta a sashen ajiyar kaya na wata ma'aikatar tarayya, bai taɓa jin an ambaci sana'a ya ce bai iya ba. Shi ya sa da aka tsayar da ranar walimar 'yarsa Mufida, wadda ta gama makarantar lauyoyi ta Bwari, ya shigo gida da kwali a hammata ya sanar da matarsa Hindatu cewa ya sallami mai hoton da ta ɗauko.

Hindatu ta ajiye tiren shinkafar da take tsincewa. "Ka sallame shi? Abban Mufida, to wa zai ɗauka?"

"Kina kallonsa."

"Ina kallon wanda ya ɗauke mu ranar Sallah, kowa ya fito ba kai a wuyansa."

"Wancan da waya ne. Waya kayan yara ce."

Ba don baƙi Hindatu ta damu ba. Mahaifiyarta, Inna Yelwa, Bafulatana da ta haura tamanin, tana zaune a rugar ɗanta Maude can bayan Bwari, kuma ba ta da hoto a duniya in ban da na katin zaɓe, wanda ko ita ba ta yarda ita ce ba. Shekara da shekaru Hindatu na roƙo, sai bana tsohuwar ta amince, albarkacin jikarta. Ta kuma kafa sharaɗi: sau ɗaya za a ɗauka, ita da Mufida cikin baƙar rigar lauyoyi, kada wani ya nuna ta da waya, kuma in an ɗauka an ɗauka.

"Ka san halin Inna," in ji Hindatu. "Ba ta maimaita magana, ba za ta maimaita zama ba."

"Sau ɗayan ma ya yi mini yawa," in ji Fatihu, ya buɗe kwali.

Kyamara ce sabuwa fil, ya saya hannun wani abokin aikinsa da ya dawo daga Dubai. Sai dai a gabanta rami ne kawai. Ba ta zo da ido ba, wato gilashin nan da ake ɗaurawa a gaba, wanda masu hoto ke kira lens. Wannan bai girgiza Fatihu ba, don yana da wani tsohon ido gajere mai nauyi kamar dutsen niƙa, da ya tsinta a gwanjon kayan wani ofishin jakadanci da ya tashi. Ya kafa shi a bakin kyamara ya murɗa dama, ya ƙi. Ya murɗa hagu, ya ƙi. Ya yi bisimilla ya sake, ya ƙi.

Ya buga wa mutumin Dubai waya.

"Ai kamfaninsu daban," in ji wancan. "Ba sa shiga juna. Sai ka nemi adafta."

"Adafta kawai? Ai da ka faɗa tun farko."

Washegari ya biya kasuwar Wuse ya dawo da adafta fara mai baki uku. Ya soka ta a bangon baranda, ya jingina kyamara a gefe guda, ido a ɗaya gefen, ya ja kujera ya zauna yana jira.

Maƙwabcinsa Alexander, mutumin Jiwa, yana wanke mota a tsallaken gajeriyar katangar da ta raba gidajensu a Kado. Ya leƙo.

"Oga, me kake dafawa?"

"Ina haɗa su. Kamfaninsu daban, sai sun sha wuta ɗaya kafin su saba."

"Amma wannan adafta, irin shi madam na yake sa dutsen guga."

"Kai da ka karanta aikin gona, bar wa masu fasaha fasaharsu."

Har la'asar ba su saba ba. Hindatu ta fito ta zare adaftar, ta tafi da ita kicin ta jona butar shayi.

Da ya sake kiran mutumin Dubai, sai da wancan ya gama dariya sannan ya bayyana masa cewa zobe ne na ƙarfe, gefe ɗaya ya kama kyamara, ɗaya gefen ya kama ido.

"Na sani," in ji Fatihu. "Gwada ka nake yi."

Ya tafi wani shagon kayan hoto a Wuse Tu, bai ɗauki kyamara ba, bai ɗauki ido ba, don a cewarsa gwani ba ya yawo da kaya. Da aka tambaye shi daga wane kamfani zuwa wane, ya ce a ba shi wanda manya ke saye. Zoben da ya kawo gida ya kama kyamara ƙam, amma ya ƙi ido. Ya koma ya sayo wani. Wannan ya kama ido ƙam, amma ya ƙi zoben farko. Yanzu kyamara na da zobenta, ido na da nasa, kowa ya juya wa kowa baya.

"An ci gaba," in ji shi. "Da abu biyu ne ba sa jituwa."

"Yanzu huɗu ne," in ji Hindatu.

"Saura mai shiga tsakani."

Mai shiga tsakanin shi ne Nasrullahi mai walda, wanda rumfarsa ke jingine da kasuwar kifi ta Kado. Shi ma bai taɓa cewa bai iya ba. Ya juya zobban a hannu, ya sa ɗaya a ido ya leƙa sama.

"Alhaji, wannan ai wasa ne. Ni na sa wa motar wani ƙofar firji, har yau tana rufuwa, har da sanyi."

Ya jawo guntun bututun rijiyar burtsatse, ya auna ɗan yatsa biyu zai yanka. Fatihu ya riƙe masa hannu.

"Tsaya. Ka taɓa ganin masu hoto a filin ƙwallo? Nasu gajere ne?"

"Dogo ne, Alhaji, kamar igwa."

"To tsawo shi ne hange. Ƙara."

Nasrullahi ya ƙara.

"Ƙara dai. Surukata za a ɗauka, daga nesa za ni tsaya."

Nasrullahi ya ba shi taƙi guda cur, ya ɗana walda a nan, ya ɗana a can. Inda haske ke shiga ta kafa, ya miƙa hannu rumfar maƙwabciyarsa ya ɗebo takardar naɗe kifi ya cusa, ya bi da baƙin salatif. Fatihu ya fito kasuwa da abin a kafaɗa, kyanwa biyu na biye da shi har bakin mota.

Hindatu ta dube shi daga ƙofar kicin. "Wannan tabaryar fa? Sakwara za mu yi wa baƙi?"

Bai kula ta ba. Ya kunna kyamara a baranda, sai wani rubutun Turanci ya fito a bayanta yana ƙiftawa. Alexander ya miƙo wuya ta kan katanga ya karanta.

"Oga, kyamara ya ce shi bai ga ido ba."

"Ga ido a gabanta kamar hasumiya!"

"Ya ce bai san shi ba."

"Girman kai ne irin na kayan Dubai. Za ta san shi."

Ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, harshen kyamara ya koma Larabci, ya koma wani rubutu mai kama da tafiyar kaza, can dai ta gaji ta yi shiru. Ya ɗora tabaryar a kan ƙarfen baranda, ya kafa ido ɗaya, ya runtse ɗaya. Da fari bai ga komai ba sai fari fat kamar koko. Ya karkata kaɗan, sai ya daka tsalle.

"Allahu akbar! Dutsen Zuma! Maman Mufida, zo ki ga Zuma daga Kado! Har tsagoginsa nake ƙirgawa!"

"Oga," in ji Alexander, "Zuma yana bayanka."

"Shi ya sa na ce maka fasaha ce. Tsaya... dutsen yana gyaɗa kai."

Hindatu ta sa tsintsiya ta kori ƙadangaren da ke kwance a kan ƙarfen, ɗan taƙi daga bakin gilashin. Zuma ya ɓace.

"Abban Mufida," ta ce a hankali, "abin nan ba ya ganin nesa. Abin da ke bakinsa kawai yake gani. Don girman Allah bari in kira mai hoton nan, ko ya tsaya a gefe."

"In ya taka gidan nan, ni zan fita. Sabon ido ne, bai gama warware gajiyar hanya ba. Kafin Asabar zai buɗe."

Asabar ta zo, gida ya cika. Ga abokan aikin Fatihu cikin manyan riguna, ga ƙawayen Mufida sababbin lauyoyi suna Turanci kamar ana biyansu, ga matan unguwa a ƙarƙashin rumfa. Fatihu ya bi kowa da robar wanki yana karɓe wayoyi, wai umarnin Inna ne, kuma haskensu na ɓata aikin gwani. Ya danƙa wa Alexander robar ya ce ya zauna a kanta in ta kama.

Da hantsi motar Maude ta tsaya. Maude ƙanin Hindatu ne, abokin wasan Fatihu, ya fito yana gyara hula, ya buɗe wa Inna ƙofa. Ta fito a hankali, siririya, lulluɓe da farin mayafi, da ƙwaryar fura da nono da ta dama wa jikarta da hannunta.

Fatihu na hango ta ya tuɓe takalma tun daga bakin rumfa, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa.

"Barka da zuwa, Inna. An zo lafiya?"

Inna ta juya fuska wajen katanga ta amsa wa katangar. "Lafiya lau. Ya mutanen gidan?"

Haka suke tun da ya auri Hindatu. Bai taɓa duban fuskarta ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. In ya shiga ruga ta ƙofar gabas, ita ta fita ta yamma. Duk cika bakin Fatihu, a nan kaɗai yake zama ɗan kirki, kuma yana alfahari da hakan fiye da kowa.

Aka ajiye wa Inna kujera a gindin katanga, ta zauna, ta ajiye ƙwaryar a gabanta. Mufida ta fito cikin baƙar riga da farar hular gashin lauyoyi a kan ɗankwali, aka yi ta guɗa.

"Tsohuwa, yau dai kin shiga hannu," in ji Mufida, ta dafa kafaɗarta.

"Ke da kika ɗora wutsiyar tunkiya a ka, ke ce a hannu. Ina mai ɗaukar? Ya yi ya gama."

Hindatu ta sunkuya. "Abban Mufida ne zai ɗauka, Inna."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "To ya tsaya can bakin ƙofar gida."

"A gaya wa Inna ko daga Suleja zan iya," in ji Fatihu, yana magana da ƙasa.

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga tabarya, jama'a suka zuba ido. Hindatu ta lallaɓa ta janye mayafin daga fuskar uwarta, ta koma gefe tana murza yatsu. Fatihu ya kafa ido ɗaya, ya runtse ɗaya. Koko.

"Wa ya hura wuta a nan? Hayaƙi ya cika wuri."

"Babu wuta, oga," in ji Alexander daga kan roba.

"To rigarka ce ke kashe mini haske. Juya baya."

Alexander ya juya baya. Fatihu ya matso kaɗan. Koko. Ya murɗa gilashi har ya ƙure, ya sake matsowa. Ya ce a ɗage rumfa, aka ɗage. Ya ce a mayar, aka mayar. Yana tafe yana jan ƙafa, idonsa manne da kyamara, bai san inda ya kai ba. Manyan riguna suka dare masa hanya. Ya bangaji teburin zoɓo, jug ya kife, wani darakta ya tare zoɓon da babbar rigarsa. Kyanwowin kasuwar kifi, waɗanda tun ranar walda ba su bar unguwar ba, suka diro daga katanga suka bi sahunsa, wutsiya a sama.

"Yaya Fatihu," in ji Maude, "ka wuce Suleja fa. Ka shigo Zuba."

"Shiru, Bafillace. Wannan ba kiwo ba ne."

"Ga ka a Dei-Dei. Taka birki!"

Inna ta ga bututu na nufo ta, da surukinta a bayansa. Ta ja kujera baya, kujera ta daki katanga. Ta dubi dama, Mufida ce. Ta dubi hagu, tukunyar shukar furanni ce. Tun da take ba ta taɓa rasa ƙofar yamma ba sai yau.

"Abban Mufida," in ji Hindatu cikin raɗa mai ƙarfi. "Abban Mufida, tsaya!"

"Abba, ka shiga hurumin da ba naka ba," in ji Mufida.

"Kada wanda ya motsa! Ya fara buɗewa! Na faɗa muku zai buɗe!" Ya ƙara matsowa. "Ga wani tudu nan... kyakkyawa... da kogo biyu a ƙarƙashinsa. Ikon Allah, har iska ke fitowa daga ciki!"

Ƙyas! Ya danna.

Bakin gilashin na ɗan taƙi daga fuskar Inna, numfashinta na dusashe shi. Sai tsohuwar ta buɗe baki, a karo na farko tun da aka ɗaura auren 'yarta, ta yi wa surukinta magana kai tsaye.

"Fatihu. Ka taka mini ƙafa."

Fatihu ya buɗe idon da ya runtse. Ya ga Inna Yelwa, ido cikin ido, kusa da har zai iya ƙirga gashin girarta.

"Innalillahi!"

Ya so ya durƙusa, ya so ya rufe fuska, ya so ya tuɓe takalman da tun ɗazu ba sa ƙafarsa, duk a lokaci guda. Tabarya ta daki gwiwarsa, waldar Nasrullahi ta ce ɓas. Idon ofishin jakadanci ya faɗa cikin ƙwaryar fura, tsulum, nono ya yi sama ya sauka a kan baƙar rigar lauya. Takardar kifi ta zubo, kyanwowi suka yi kanta ta tsakanin ƙafafunsa. Ya ja da baya da gudu yana "A gafarce ni, a gafarce ni," ya yi karo da Alexander wanda har yanzu bayansa ke juye, su biyu da robar wayoyi suka zube. Wayar wani ta kama kiɗa. Fatihu ya tashi da rarrafe ya shige bayan tankin ruwa.

Maude ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Lauyoyi suka manta da Turanci. Daraktan da ya sha zoɓo da riga yana dariya yana matse hannun riga.

Inna ta sa yatsu biyu ta tsamo gilashin daga fura, ta ajiye a gefe, ta gyara mayafi.

"An ɗauka ko?"

Hindatu ta durƙusa a gabanta. "Inna, don Allah a sake. Ga wayoyi nan, minti ɗaya kawai."

"Na ji ƙarar abin. An ɗauka." Ta miƙe. "A nuna mini inda zan yi alwala."

Hindatu ba ta yi dariya ba ko kaɗan. Ta ɗauki kyamarar daga ƙasa, ta kakkaɓe, ta miƙa wa Mufida. Mufida ta latsa, hoton ya fito, jama'a suka yi cincirindo a kanta.

Hanci ne. Hanci kaɗai, daga gefe zuwa gefe, dogo, siriri, ba ido, ba baki, ba Mufida, ba rigar lauya. Amma ya fito tar, har da ɗan shuɗin zanen da aka yi mata tun tana budurwa, wanda tsufa ya kusa shafewa.

"Wallahi ya fi na fuskarta fitowa," in ji Maude yana share hawaye.

Inna ta dawo daga alwala, aka miƙa mata ta gani. Ta nisanta shi da ido, ta daɗe tana kallo.

"Hancin Baffana ne," ta ce. "Haka nasa yake. Ba laifi."

Daga bayan tanki aka ji murya. "Me Inna ta ce?"

"Ta ce ba laifi," in ji Alexander.

Fatihu ya leƙo da kai, ganyen mangwaro a hularsa. "Kun ji ko? Kowane ɗan koyo zai iya ɗaukar fuska. A kawo wanda zai ware hanci shi kaɗai a Abujan nan, in gani!"

Hindatu ta dube shi, ta dubi hoton, ta karɓi kyamarar ta shige ciki da ita.

Bayan an watse da 'yan kwanaki, Fatihu ya dawo daga ofis da yunwa, ya tarar da tuwon shinkafa da miyar taushe a tebur. Ya wanke hannu, ya zauna a kujerarsa, ya yanko loma. Da ya ɗaga kai, sai ga shi a bango, daidai saitinsa: an wanke hoton, an faɗaɗa shi ya kai faɗin taga, an sa masa firam mai ruwan zinariya. Kogunan nan biyu suna dubansa.

Lomar ta tsaya a hanya.

"Maman Mufida, wannan ai falo ya dace da shi."

"Uwata ce," in ji Hindatu, tana zuba wa kanta miya. "Hotonta ke nan da nake da shi, kuma ba za a sake wani ba. A nan nake son in riƙa ganinta. Bisimilla mana, zai huce."

Fatihu ya dubi tuwo, ya saci kallon bango, ya yi maza ya sunkuyar da kai. Ya mayar da lomar cikin kwano.

"A gaban Inna?"

"Hanci ne kawai. Kai ka ware shi."

Ya zame takalmansa a hankali. Ya ɗauki kwanon tuwo da hannu ɗaya, na miya da ɗaya, ya rusuna, ya fita da baya da baya har gareji. Ya kife bokiti ya zauna a gefen mota.

Alexander ya leƙo ta kan katanga.

"Oga, yanzu a waje kake ci?"

Fatihu ya haɗiye loma, ya nuna sama da yatsa mai miya.

"Hasken nan ya fi kyau," ya ce. "Amma kai ba za ka gane ba."